Daga Ƙeson Wuri Zuwa Allon Aji: Yadda Faɗin Yawa Ya Sauya a Kudancin Kano

Mutanen kudancin Kano, daga Bebeji da Kiru har Tudun Wada da Doguwa, sun daɗe da sanin yadda ake faɗin yawan abu. A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada ta rabu da babban titin Kano zuwa Zariya, ba za ka ji ɗan kasuwa ya ce yana da masara da yawa ya yi shiru ba. Sai ya faɗi buhu nawa ne, ko tiya nawa ta rage, ko kuma ya ce lodin tirela guda. Wannan ƙwarewa gado ce, kuma tana da tarihi mai tsawo.

A zamanin wuri, ƙirga kuɗi sana'a ce mai zaman kanta. A ƙasar Hausa ba a shirya wuri a zare, sai dai a zube shi a tabarma, mai ƙirga ya zauna yana jansa biyar-biyar da yatsu, yana tara shi tsibi-tsibi. Ashirin ita ce hauya, ɗari zangu, idan aka shiga dubbai kuma sai a ce zambar kaza. Wuri 20,000 shi ne ƙeso guda, kayan da sai ƙato ke ɗauka. Bajamushen nan Heinrich Barth, da ya shigo Kano a 1851, ya tarar ana canjin dalar azurfa ɗaya a kan wuri 2,500, ya kuma ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai na wuri miliyan 300. Fataken da ke yada zango a Bebeji da irin wannan lissafi suke kwana suke tashi, ba takarda ba alƙalami.

Malamai da fataken Sahara su suka kawo ƙidayar Larabci, ta zauna daram. Ashirin da talatin har casa'in suka ture gomiya biyu da gomiya uku, aka samu metan da arbaminya da hamsaminya. Yau da wuya ka sami saurayin da ya san arbaminya 400 ce, kuma ni dai ina ganin wannan rashi ne.

Zuwan Turawa ya sake dama al'amarin. Sojojinsu sun fasa Bebeji a farkon 1903 a kan hanyarsu ta cin Kano, jirgin ƙasa ya iso birni a 1911, sule da fam suka kori wuri daga kasuwa sannu a hankali. Ɗan Bebeji ne ya fi kowa cin moriyar sabon zamanin. Alhassan Ɗantata, wanda aka haifa a garin a 1877, ya fara da fataucin goro zuwa Gwanja, sannan ya koma sayen gyaɗa. A 1929, da bankin Turawa ya buɗe reshe a Kano, raƙuma 20 aka yi wa lodin kuɗin azurfarsa zuwa ajiya. A wannan zamani ne dalar gyaɗa ta zama abin kwatancen yawa, jaka kuma ta zama fam 100. Da naira ta zo a 1973 jaka ba ta mutu ba, sai ta koma naira 200. Miliyan da biliyan suka biyo baya ta bakin rediyo da kasafin kuɗin gwamnati, har ana faɗin ruwan madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, da kubik mita kusan biliyan biyu.

Sauyin da ya fi shafar 'ya'yanmu shi ne na aji. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kai makarantar boko ƙauyuka da yawa da ba su taɓa ganinta ba, tsarin ilimi na ƙasa na 1977 kuma ya ce a fara koyarwa da harshen gida, a koma Turanci daga baya. Tun daga nan yaron da ke taya mahaifinsa awon hatsi ranar kasuwa ya tarar da wata sabuwar hanyar faɗin yawa a kan allo. Malam zai rubuta "a lot of", ya buga sanda a ƙarƙashinta, aji ya amsa da ƙarfi sau uku, a kwafe jimla biyar a littafi, a tashi. Yaro ya haddace, amma ba wanda ya gaya masa dalili.

Dalilin kuwa ba mai wuya ba ne. Turanci ya raba abubuwa gida biyu, waɗanda ake ƙirgawa ɗai-ɗai kamar awaki da buhuna, da waɗanda ake aunawa kamar ruwa da gero. Na farko suna ɗaukar "many", na biyu "much". Ita "a lot of" tana shiga gida biyun, daidai da yadda "da yawa" ke yi a Hausa, sai dai ita gaban suna take zuwa, tamu kuma bayansa. Wani abin lura kuma shi ne aikatau sunan yake bi: idan awaki ne sai a sa "are", idan ruwa ne sai "is". Kuma kalmomi ne a rarrabe, ba a manne biyun farko wuri guda kamar yadda ɗalibai da dama ke yi a takardar jarrabawa.

Inda yaranmu suka fi tuntuɓe shi ne kuɗi, kuma ba laifinsu ba ne. A Hausa kuɗi jam'in wuri ne tun asali, abin ƙirgawa ne tun zamanin tabarma da tsibi. Turanci kuwa ya ajiye kuɗi a gidan ruwa da gero. Yaron da ya rubuta "many money" hankalinsa na aiki, dokar harshensa ya bi. Jan biro kaɗai ba zai gyara shi ba, sai an zaunar da shi an nuna masa inda harsunan biyu suka raba hanya.

Abin da ke damuna shi ne yadda aka shafe kusan shekara hamsin ana koyar da wannan darasi kamar yaro ya shigo aji da kai fanko. Jikokin mutanen da suka ƙirga ƙeso da yatsu ne ke zaune a kan bencin nan. Ina roƙon malaman firamare na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa, idan wannan darasi ya zo, ku fara da tambayar yara abin da ake ƙirgawa da abin da ake aunawa a kasuwar garinsu, ku bar su su jera da Hausa, sannan ku ɗora Turancin a kai.