Daga Bakin Sarki zuwa Alƙalamin Gwamna: Tarihin Kalmar "Sa Hannu" a Hukuncin Kisa

A maganar yau da kullum, "sa hannu" ba ta da wani nauyi. Mai gida a Kausani yakan ce wa baƙonsa, "Bismilla, sa hannu," wato ya ci abinci. Akan ce akwai sa hannun wane a cikin wani al'amari, wato yana da ruwa a ciki. Amma idan aka ce "Gwamna ya sa hannu" a kan wanda aka yanke wa hukuncin kisa, to, magana ta ƙare. Wannan ma'ana ta ƙarshe baƙuwa ce, kuma tana da tarihi.

Kafin Turawa su ci Kano a shekarar 1903, shari'ar jini ta Sarki ce. Idan an yi kisan kai a ƙauye kamar Kausani, ba a can ake yanke hukunci ba. Sai an kai magana majalisar Sarki. Dangin mamaci suna da zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafewa. In sun tsaya a kan ƙisasi, izinin Sarki ake jira, sa'an nan a miƙa mai laifi ga Hauni, wato mai sare kai. A lura, ita kanta "hauni" ma'anarta hagu, kuma haka G. P. Bargery ya kawo ta a ƙamusunsa na 1934. Ke nan izinin Sarki daga baki yake fitowa, hannu kuwa na mai zartarwa ne.

Zuwan Turawa ya juya wannan tsari. Kotun Sarki ta ci gaba da yanke hukunci, amma ba a zartar da kisa sai Gwamna ya tabbatar a rubuce. Daga nan ne "sa hannu" ta sami sabon nauyi. Bayan an soke kotunan sarakuna a ƙarshen shekarun 1960, sai izinin ya rabu da fada baki ɗaya.

Wannan sauyi ya haifar da abin da tsohon tsari bai sani ba, wato jira. Tun daga 1999, gwamnonin farar hula kaɗan ne suka yarda suka sa hannu, har dubban fursunoni suka taru a gidajen yari, ba a kashe su ba, ba a sake su ba. Dangin mamaci su ma suna jira. Kalmar da ake kiran baƙo da ita zuwa akushi, ita ce rai yake rataye a jikinta shekara da shekaru.