Sabon Shiga da Tsohon Hannu: Me Kamfanonin Manhaja Suke Dubawa?

Tallar neman masu rubuta manhaja takan zo da dogon jeri: Python, JavaScript, React, SQL, Docker, AWS. Jerin yana sa matasa da yawa su ɗauka cewa yawan yarukan da mutum ya iya shi ne ma'auni. Amma idan aka bi tambayoyin da ake yi a wajen intabiyu, za a ga abin da ake nema a wurin sabon shiga dabam ne da abin da ake nema a wurin tsohon hannu, kuma yare ba shi ne kan gaba a ko ɗaya ba.

Daga sabon shiga, kamfani yana son yare ɗaya da ya riƙe da kyau, da sanin yadda ake ciro bayani daga rumbun bayanai ta SQL, da iya amfani da Git, wanda Linus Torvalds ya ƙirƙira a 2005 kuma ya zama hanyar da ayarin ma'aikata suke haɗa aikinsu ba tare da wani ya goge na wani ba. Ƙananan gwaje-gwaje irin FizzBuzz, da suka yi suna tun 2007, tace mutane kawai suke yi. Abin da ya fi nauyi, a ganina, shi ne karatun kod ɗin wasu. Da wuya a ba sabon ma'aikaci farar takarda. Manhaja ce da aka shekara biyar ana ɗora mata za a miƙa masa, a ce ya gyara wani ɗan kuskure, ya rubuta gwajin da zai nuna bai fasa wani wuri ba.

Tsohon hannu kuwa ana biyansa ne don hangen ɓarna kafin ta faru. Shi ya sa intabiyunsa yakan koma kan tsara tsari: idan masu amfani suka ninka sau goma, ina ne zai fara tsagewa? Idan saba ɗaya, wato kwamfutar da manhajar ke gudana a kanta, ta mutu tsakar dare, me zai faru da kuɗin da ke kan hanya? Labarin Knight Capital, wani kamfanin hada-hadar hannayen jari a Amurka, ya nuna dalili. Kwanaki kaɗan kafin 1 ga Agusta, 2012, an ɗora sabon kod a kan saba bakwai, aka tsallake ta takwas. Da ranar ta zo, wani tsohon kod da aka daina amfani da shi ya farka a cikinta, ya riƙa saye da sayar da hannayen jari ba ƙaƙƙautawa. Cikin mintuna 45 kamfanin ya yi asarar sama da dala miliyan 400. Babu wanda ya kasa rubuta yare a nan. Abin da ya ɓata shi ne tsarin ɗora aiki, da share kod ɗin da ya mutu, da ƙararrawar da wani zai ji ya tsayar da komai. Waɗannan su ne kayan aikin gogagge, tare da duba kod ɗin na ƙasa da shi, da iya cewa a'a ga fasahar da ake yayi idan tsohuwar ta wadatar.

Matsalar kasuwa ita ce kowa yana son gogagge, kaɗan ne suke son renon sabo. Andela, wadda aka kafa a Legas a 2014 don horar da matasa, ta sallami ƙananan ma'aikata kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Uganda a 2019, saboda kamfanonin da take yi wa aiki manya suke nema. Zuwan GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a 2022 ya ƙara matse ƙofar, domin ƙananan ayyukan da sabon shiga yake koyon hannu da su yanzu na'ura tana zubo su cikin daƙiƙu. Sai dai kod ɗin da na'ura ta rubuta yana buƙatar mai karanta shi ya gane inda ya kauce, don haka wasu kamfanoni suka fara miƙa wa ɗan takara kod mai kuskure su ce ya nemo, maimakon su sa shi ya rubuta daga farko.