Asibitin da Ya Fara a Cikin Jakar Goyo

Birnin Pittsburgh na jihar Pennsylvania a Amurka gari ne mai koguna uku da ɗaruruwan gadoji. A ƙarƙashin gadojin nan, da bakin kogunan, da cikin kangwayen gine-gine, akwai mutanen da nan ne makwancinsu rani da hunturu. Su ne wani likitan asibitin Mercy mai suna Dakta Jim Withers ya fara bi cikin dare a shekarar 1992, kuma daga wannan yawon dare aka samu ƙungiyar Operation Safety Net.

Withers malamin likitoci ne. Ya tashi yana raka mahaifinsa, wanda shi ma likita ne, zuwa duba marasa lafiya a gidajensu, don haka bin majinyaci inda yake ba baƙon abu ba ne a gare shi. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne yadda marasa matsuguni ke zuwa sashen gaggawa sai ciwo ya riga ya ci ƙarfinsu, a yi musu magani, a sallame su, su koma inda ciwon ya samo asali. To amma wanda aka sha kora da hantara ba ya sakin jiki da baƙo don kawai ya ce shi likita ne. Da ɗan gari akan ci gari. Ɗan garin da Withers ya samu shi ne Mike Sallows, wanda ya yi shekaru yana kwanan titi kafin ya samu mafita, ya kuma ci gaba da zagaya tsofaffin abokan zamansa yana raba musu barguna. Sallows ya yarda ya tafi da shi bisa sharaɗi: kada ya sa kayan likita, kuma kada ya je ya yi wa mutane iyayi. Withers ya sa tsummokara, ya shafa wa jikinsa ƙasa, ya bi bayansa.

Ni a ganina wannan sharaɗin shi ne tubalin ƙungiyar, ya ma fi kuɗin da aka samu daga baya. Likitan da ya saba a miƙe masa ya shiga a matsayin ɗalibi, wanda ba shi da takardar shaidar komai ya zama malaminsa.

Da aka saba da shi sai ya fara ɗaukar jakar goyo ɗauke da bandeji da magunguna da safa. Kada a raina safar nan. Mutumin da ya yi kwanaki cikin jiƙaƙƙen takalmi, a garin da dusar ƙanƙara ke sauka, fatar ƙafarsa takan yi fari, ta kumbura, ta tsage, ƙwayoyin cuta su samu ƙofa. Idan sanyi ya kashe yatsun, wani lokaci sai yankewa. Saboda haka likitan titi yakan durƙusa a kan kwali, fitila a hannu, ya kwance igiyar takalmin, ya zare safar da ta manne da miki a hankali, ya wanke, ya shanya, ya ɗaure, ya sa sabuwa. Sau da yawa a lokacin ne majinyacin zai buɗe baki ya faɗi abin da ya fi ƙafar tsanani: tarin da ya ƙi jin magani, ko ciki na wata biyar da ba a taɓa yi masa awo ba, ko muryoyin da ke hana shi barci.

A nan kuma ake gane cewa takardar magani ta asibiti an rubuta ta ne don mai gida. A sha sau uku bayan cin abinci, wane abincin? Allurar ciwon sukari a ajiye ta a firji, wane firjin? Ga sata, ga ruwan sama, ga ma'aikatan shara da kan kwashe tanti da komai da ke cikinsa. Dole likita ya sake lissafi.

Labari ya bazu, ma'aikatan jinya da ɗaliban likitanci da sauran 'yan sa kai suka fara binsu. A 1993 aikin ya zama shiri tsayayye a ƙarƙashin inuwar cibiyar lafiya ta Mercy, wadda sistocin cocin Katolika da ake kira Sisters of Mercy suka kafa asibitinta tun 1847. An dace da uwar ɗaki, domin tun a ƙasarsu ta asali, Ailan, an san waɗannan mata da fita kan tituna neman matalauta. Daga baya aka samu motar asibiti mai zagayawa, da ma'aikatan jin daɗin jama'a masu bin takardun inshora da katin shaida, da makwancin hunturu, sannan da shirin samar da ɗakuna, tunda an gane babu maganin da ya kai ƙofa mai kulluwa. A 2015, lokacin da tashar CNN ta sa Withers cikin gwarazanta na shekara, an ce ƙungiyar ta kai ga mutane fiye da 10,000, kuma sama da 1,200 sun samu muhalli ta hanyarta. Waɗanda suka rasu a kan titi kuwa, akan liƙa sunan kowannensu a jikin wata katanga da ke ƙarƙashin babbar hanya a tsakiyar birnin, a taru a tuna da su kowane Disamba.

Ba Withers ne na farko a duniya ba. A Kalkata ta Indiya, Dakta Jack Preger ɗan Ingila ya daɗe yana duba talakawa a gefen titi, kuma Withers ya je ya gan shi. A Boston ma Dakta Jim O'Connell na kan irin aikin tun 1985. Abin da Pittsburgh ta ƙara shi ne haɗa kan masu yi. A 2005 aka yi taron ƙasa da ƙasa na farko na likitocin titi a birnin, a 2009 kuma aka kafa Street Medicine Institute domin horar da masu son kafa irin wannan aiki a garuruwansu.

Hukuma ce ta zo a makare. Sai a watan Oktoban 2023 hukumar da ke kula da inshorar lafiya ta gwamnatin Amurka ta fara aiki da lamba ta 27, wadda ta amince da titi a matsayin wurin da likita zai duba mara lafiya a biya shi. Kafin nan, mafi yawan aikin da aka yi a ƙarƙashin gadoji na shekara talatin da ɗoriya ya dogara ne da tallafi da gumin 'yan sa kai.