Hula da Safar Hannu a Bennett

A gabashin garin Greensboro da ke kudancin Amurka, kan titin East Washington, kwalejin Bennett take. An fara ta a 1873 a ɗakin ƙasa na wani coci, domin bayin da aka 'yanta da 'ya'yansu, sannan a 1926 ta koma ta mata zalla a hannun David Dallas Jones. Shekaru da dama budurwar Bennett ba ta shiga gari sai da hula da safar hannu. Abin da Faransawa ke kira savoir-vivre, mu muke cewa iya zama da mutane, darasi ne a nan a wancan zamani.

Gaba kaɗan, a Sedalia, Charlotte Hawkins Brown ta buɗe makarantar Palmer a 1902, har ta rubuta littafi sukutum kan abin da ya dace a yi, a faɗa, a saka. Yaro ya san cokalin da zai fara ɗauka, ya san lokacin miƙewa idan babba ya shigo.

Wasu na cewa kwaikwayon Turawa ne, kuma akwai ƙamshin gaskiya, don ba kowane gida ke da kuɗin safar hannu ba. Amma ni ina duba garin da ake ciki. A kudancin Amurka na lokacin, yaron kanti farar fata zai kira baƙar mace sa'ar kakarsa da sunanta gatsal, kamar a ce wa Hajiya "ke" a tsakiyar kasuwar Kurmi. Wadda ta shigo tsaf, ta yi magana a nutse, ta bar shi da kunyar rashin tarbiyyarsa.

Ranar 1 ga Fabrairun 1960 samari huɗu daga kwalejin A&T suka zauna a teburin abinci na kantin Woolworth a Greensboro, inda aka haramta wa baƙaƙe zama, kuma 'yan matan Bennett na cikin waɗanda suka shirya abin, suka kuma cika kujerun daga baya. Ana zaginsu, suna zaune shiru da littattafansu. A 1963 da aka tsare 'yan matan Bennett da yawa a tsohon asibitin shan inna saboda zanga-zanga, shugabar kwalejin Willa Player ba ta kori kowa ba. Ita da kanta take zuwa duba su, ta kuma sa malamai suka ci gaba da ba su darussa a tsare.