Tarihin Ƙaurace wa Tuwo don Rage Ƙiba

Kwanan baya wani ɗan'uwa da muke kasuwa tare a Mubi ya ce mini ya daina cin tuwo da shinkafa da burodi, sai nama da ƙwai da man shanu, wai don ya rage tumbi. Suna kiran abin keto. Ya ce sabon ilimi ne. Na ce masa, Alhaji, wannan magana ta girmi kakanka.

A birnin Landan an yi wani mai sana'ar shirya jana'iza, sunansa William Banting. Gajere ne, amma a shekarar 1862 nauyinsa ya kai kusan kilo 92, har saukowa daga bene sai da baya-baya yake yi saboda ciwon gwiwa. Likitan kunne, William Harvey, ya hana shi burodi da sukari da dankali da giya. Cikin kamar shekara guda ya zubar da kusan kilo 21, kuma a 1863 ya buga ɗan littafi yana ba da labarinsa. Ku lura, cikin abin da aka hana shi har da madara da man shanu.

Maganar yawaita mai daga baya ta zo. A 1921 Dakta Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya tsara abinci mai yawan kitse, don maganin farfaɗiya. Idan jiki ya rasa sukarin da yake samu daga hatsi, sai ya koma ƙona kitse. A 1972 Dakta Robert Atkins ya mayar da wannan hanya ta rage ƙiba.

To, mu fa? Wasu suna cewa ai Fulanin da suke kawo shanu kasuwar Mubi ba su da ƙiba saboda nono da man shanu suke sha. Gaskiya ne ba su da tumbi, amma ba su taɓa barin hatsi ba. Tun da can matansu suna sayar da nono su sayi gero da dawa, fura ma ai gero ce. Abin da ya bambanta su da mu shi ne tafiyar ƙasa bayan garke tun safe har magariba.

Kakanninmu da suka zo wannan yanki da fatauci su ma da ƙafa da jakuna suka zo, tuwon dawa da miyar kuka suke ci. Mu kuwa yau mun zauna a shago, ga shayi mai sukari cokali uku, ga burodi, ga taliya, ga lemon kwalba, masallaci ma sai da babur. Shi ya sa ciwon sukari da hawan jini suka shigo gidajenmu.

Shawarata ita ce, a fara da rage sukari da lemo da loma ta ƙarshe, a dawo da tafiya. Mai shan maganin ciwon sukari kuwa, kada ya yanke tuwo kwatsam sai ya ga likita, domin sukarinsa na iya faɗuwa ya sume. Haka mai ciwon ƙoda da mace mai juna biyu. Shi Banting ma da likita ya fara.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, amin.