Minda a Matsayin Shaidar Tarihi

A Ingila akwai mutane masu tara lambobin yaƙi, watau abin da sojanmu ke kira minda, suna sayensu a gwanjo. Daga cikin waɗanda suke nema ƙwarai akwai na sojan ruwan Ingila masu sauka tudu su yi faɗa. Dalili kuwa shi ne an zana sunan mai ita da muƙaminsa a bakin mindar, ga kuma takardun aikinsa a ajiye a London, saboda haka mai saye yana iya bin sawun mutumin tun daga ran da ya shiga soja.

Wannan sha'ani bai yi nisa da Hausawa ba. Wani hafsan jirgin ruwan Ingila ne, Glover, ya kafa rundunar Hausawa a Ikko a 1863. Sa'ad da Turawa suka ci Binin a 1897, minda iri ɗaya aka ba sojan ruwa da baƙaƙen sojan da suka tafi tare.

Wadda ta fi shafar ƙasar Gwandu ita ce ta azurfa da aka fitar a 1902, mai hoton Sarki Edward na Bakwai. A kan ƙyallenta akan maƙala ɗan ƙarfe mai sunan ƙasa da shekara. Na 1903 shi ne na cin Kano da Sakkwato; akwai kuma na 1906, shekarar da aka hallaka Satiru, aka kuma tuɓe Sarkin Gwandu bisa zargin ya karkata ga mutanenta. To, abin da ya zama girma ga wanda ya rataya, baƙin ciki ne ga zuriyar waɗanda aka harba, alhali kuwa da mai harbin da wanda aka harba sau da yawa harshensu ɗaya ne. Watakila shi ya sa ba a cika ba da labarin irin waɗannan mindodi a zaure ba.

Karanta sunan ma sai da lura. Akawun soja yakan rubuta sunan mutum ya haɗa da na gari, amma garin ba lalle ne mahaifarsa ba: bawan da ya tsere yakan ari sunan inda ya fito, ko inda aka ɗauke shi aiki.

Tauraron Bama na Yaƙin Hitila, wanda aka ba sojan runduna ta 81 da ta 82, ba a zana masa suna ba sam. Idan malami ya tarar da shi a wani gida a Masama ko Kalgo, ba abin da zai nuna mai shi sai littafin sallama na tsohon sojan, in gara ba ta cinye ba, da kuma abin da jikoki suka riƙe. Ya kamata a rubuta lambar soja da sunan bataliya tun kafin a raba gado, gama da zarar mindar ta rabu da littafin, ta zama ƙarfe kawai ga mai bincike.