Jinkirin Ginin Gida da Tarihinsa a Ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa

Duk wanda ya bi garuruwan kudu maso yammacin Jihar Katsina, watau ƙasar Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, lalle zai lura da yawan gidajen bulo da aka kai su linta aka tsaya. Babu rufi, babu ƙyaure, ciyawa ta tsiro a tsakar ɗakuna. Jama'a su kan ɗora laifin a kan tsadar siminti ko rashin alkawarin magina. Akwai gaskiya a ciki, amma tarihi ya nuna al'amarin ya fi haka zurfi. Bahaushe ya daɗe da sanin jinkiri a gini. Abin da ya sake shi ne irin jinkirin, da abin da ke kawo shi, da kuma ɓarnar da ya ke yi wa mai gida. Manufar wannan takarda ita ce a bi sawun wannan sakewa, da misalin 'Yargoje ta ƙasar Ƙanƙara da ƙauyukan da ke kewaye da ita.

Ginin ƙasa da ajalinsa

A zamanin da, gini aikin rani ne. A wannan yanki ruwa ya kan sauka wajen watan Mayu, ya ɗauke a Oktoba, kuma ya fi na birnin Katsina yawa. Muddin ana ruwa babu mai taɓa gini, gama tubali ba ya bushewa, hannaye kuma duk suna gona. Sai an kai amfani rumbu sa'an nan mai gida ya juya ga aikin gida. In sabon wuri ne, ya nemi fili wurin mai unguwa ko dagaci, ya kai goro, malam ya yi addu'a, a yi sadaka, kāna a ja harsashi.

Aikin da kansa ba ya karɓar gaggawa. A kan haƙo ƙasa, a zuba mata ruwa da yankakkiyar ciyawa, a tattake, a bar ta kwanaki ta tsima, a sake tattakewa. Daga nan a cura tubali da hannu, a shanya shi a rana wajen mako biyu. Magini ba ya ɗora bango gaba ɗaya. Ya kan jera sahu kaɗan ya dakata su sha iska, domin ɗanyen bango ba ya ɗaukar nauyi. In ɗakin jinka ne, wanda shi ya fi yawa a ƙauyuka, sai a jira ciyawar shuci ta ƙosa a yanka, a yanta ta, a ɗaura tsaiko, a yi baibaya. Kara na danga da gamba ta zana su ma ba su samuwa sai bayan kaka. In kuwa soro ne, na mai hali, sai an nemo azara, watau tsagin giginya, wadda gara ba ta cika cinta ba. Azara ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazarar ta wuce ƙafa shida ko kusa da haka, don haka babban ɗaki sai da ginshiƙi ko baka, wannan kuwa aikin gwanaye ne. A ƙarshe a yi yaɓe, a shafe da makuba ta kwasfar ɗorawa don ruwa kada ya ci bangon.

Duk wannan jira yana da iyaka, iyakar kuwa ita ce ruwan fari. Bangon ƙasa da damina ta tarar ba rufi ya kan zaizaye, wahalar rani guda ta tafi a banza. Saboda haka mai hankali ba ya fara abin da ba zai rufe ba kafin bazara ta ƙare. Ya kan auna ƙarfinsa da hatsinsa da yawan 'yan'uwansa, ya yanke wa kansa ɗaki ɗaya ko biyu. In ya ga hadari ya fara haɗuwa aiki bai kammala ba, sai ya kira gayya, a dafa tuwo a dama fura, samarin unguwa su taru su rufa masa asiri.

Gidan da ba ya ƙarewa

A nan ne ya kamata mai karatu ya rarrabe tsakanin ɗaki da gida. Ɗaki a kan gama shi cikin rani guda. Gida kuwa ba a taɓa gama shi ba, gama yana girma ne tare da masu shi. Mutum ya kan soma da ɗakin matarsa da danga da ɗan zaure. In ya ƙara aure, shari'a da al'ada sun wajabta masa ya ba amarya nata ɗaki. In ɗansa ya isa aure yana cikin gandu, a yanka masa sashe. In mai gida ya rasu aka raba gado, a ja bango a tsaka, a huda sabuwar ƙofa. Ɗakin da ya rushe kuma, ƙasarsa a ke jiƙawa a sake cura tubali da ita. Friedrich Schwerdtfeger, wanda ya auna gidajen birnin Zariya, ya nuna a littafinsa na 1982 cewa fasalin gida yana bin hauhawar iyali da raguwarsa ne. Abin da ya gani a birni ya fi fitowa fili a ƙauye.

Kada a ɗauka wannan hanya ta marasa hali ce kaɗai. Da irin wannan ƙasa aka gina hasumiyar Gobarau ta Katsina, da Masallacin Juma'a na Zariya wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, da kuma Kwalejin Katsina da aka buɗe a 1922. Dukansu sai da aka bi dokar rani da damina, kuma abin da ya rage daga cikinsu, yaɓe da gyara na shekara da shekaru ne suka tsayar da shi.

Shigowar kuɗi cikin gini

Turawa sun ci Katsina a 1903. Daga nan abubuwa biyu suka taɓa ginin ƙauye. Na fari, hare-hare sun ɗauke. A ƙarni na 19, bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe da suka kafa Maraɗi sun yi ta kawo hari cikin ƙasar Katsina, har mutane suka matsu cikin garuruwa masu ganuwa, inda fili ke da wuya. Da hanya ta yi lafiya sai jama'a suka bazu, kowa ya kafa gida kusa da gonarsa, ƙananan unguwanni suka yawaita. Na biyu, haraji ya koma na tsabar kuɗi, ana kuwa karɓarsa bayan kaka, daidai lokacin da a ke shirin gini. Mai gida sai ya biya na kansa da na samarin gandunsa tukuna. Samari da yawa kuma suka shiga tafiya cin rani, hannayen da a da su ke cura tubali suka ragu.

Hanyar jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Ƙauran Namoda, wadda ta ratsa Funtuwa, an gama ta a 1929. Ƙasar kudancin Katsina ta zama ta auduga, aka kafa injin gurza a Funtuwa. Jirgin da ya kwashi auduga shi ya kawo kwanon rufi da ƙusa da siminti. Da fari gine-ginen En'e da kantunan kamfanoni da gidajen attajirai kaɗai ke ganinsu. Sannu a hankali kwano ya zama alamar arziki, har manomi ya riƙa lissafin bandir nawa audugarsa za ta saya. Siminti kuwa duk daga ƙetare ya ke zuwa, sai a 1957 aka buɗe masana'antar Nkalagu, ta Ewekoro ta biyo a 1960, ta Sakkwato a 1967, ta Ashaka a 1979.

Zamanin kuɗin man fetur ya ingiza al'amarin. Bayan ƙarin albashin Udoji na 1974 ma'aikata suka sami abin fara gini. A 1975 gwamnati ta yi odar siminti fiye da kima, ɗaruruwan jiragen ruwa suka cunkushe tashar Legas wata da watanni. A 1979 gwamnatin Balarabe Musa ta soke haraji da jangali a tsohuwar Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta har 1987. 'Ya'yan ƙauye da suka yi boko ko kasuwanci a Funtuwa da Kaduna da Legas suka fara aiko da kuɗi a gina musu gidan bulo a mahaifa. Daga nan sabbin ma'aikata suka shigo: birkila da kafinta da lebura da direban tifa, kowa da ladansa.

Gidan bulo ya juya tsohon tsari. Yanzu ana zana gidan dukansa tun farko, a haƙa harsashinsa gaba ɗaya, ɗaki huɗu ko biyar da falo. Bangon bulo kuma yana iya shekaru a tsaye babu rufi bai faɗi ba. Ajalin da ruwan fari ke yanka wa magini ya tafi ke nan, babu abin da ke tilasta wa mutum ya taƙaita burinsa daidai ƙarfinsa. A da kowane rani a kan gama wani abu a shiga. A sabon tsari sai a yi shekara goma kuɗi na kwance a bango, iyali na cunkushe a tsohon ɗaki. Kalmar kango ma ta ƙara ma'ana: da can gidan da aka zauna aka tashi a ke nufi, yanzu har da wanda ba a taɓa kwana a cikinsa ba.

Ga kuma darajar kuɗi da ba ta tsayawa. Tun daga tsarin gyaran tattalin arziki na 1986 naira ta riƙa faɗuwa, kayan gini na hawa. Bayan janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin dako ya tashi, kuma a farkon 2024 buhun siminti ya haura naira 10,000 a wurare da dama. Wanda ya yi lissafi da kaka, kafin bazara lissafin ya rushe. Yawancin rigimar mai gida da birkila daga nan ta ke tasowa: an yi jinga a kan tsohon farashi, aiki ya ja lokaci, kowa na ganin shi aka ƙwara.

Dabarun jurewa

Mutanen ƙauye ba su zauna sun naɗe hannu ba. Tun da siminti ya kan daskare in ya kwana cikin laimar damina, sai su mai da shi bulo nan take, su jera a fili. Bulo ya zama wani irin rumbu, wanda faɗuwar naira ba ta ci. Waɗansu su kan shiga adashi don kwasarsu ta dace da sayen kwano. Waɗansu su sayar da sa bayan kiwo, ko su riƙe masara sai ta yi tsada. Masu lura su kan raba jinga mataki mataki, harsashi daban, linta daban, rufi daban, a gaban shaidu. Da yawa kuma sun gauraya tsoho da sabo, bangon ƙasa da rufin kwano, ko da ya ke shafen siminti a kan ƙasa ya kan ɓamɓare in ba a kula ba. Dabarar da ta fi kowace amfani ita ce a ja katanga, a rufe ɗaki ɗaya, a tare, sauran su biyo baya. Wannan kuwa tsohuwar hanyar kakanni ce ta komo da sabon kaya.

Komowar tsoro

Jinkirin da ya fi kowane muni shi ne wanda dabara ba ta maganinsa. Ƙanƙara da Faskari suna iyaka da Zamfara, Sabuwa kuwa da ƙasar Birnin Gwari, duk kusa da manyan dazuzzuka inda 'yan bindiga suka yi sansani. A watan Disamba na 2020 aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A 2021 gwamnatin jiha ta hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka kuma katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. A watan Yuni na 2024 aka faɗa wa 'Yargoje, mazauna suka shaida wa manema labarai cewa an kashe mutum wajen 50, an tafi da waɗansu.

Illar wannan a kan gini a fili ta ke. Direba ya kan ƙi kai yashi da siminti inda a ke tare hanya, ko ya ninka kuɗinsa. Birkilan gari ba ya yarda ya kwana a ƙauye. Gonar da ba a noma ba babu rarar da za ta ba da, abin da aka tara domin rufi kuma sau da yawa kuɗin fansa ya cinye shi. Sabon kwano mai walƙiya, wanda a da abin alfahari ne, ya zama mai nuna wa ɓarayi gidan mai hali, har waɗansu suka dakatar da aiki da gangan. Mutanen ƙananan unguwanni suka kwashe zuwa Ƙanƙara da Faskari da Funtuwa. Bazuwar da aka yi bayan 1903 ta juya da baya, an koma matsuwa irin ta zamanin ganuwa.

Abin lura ga malamai

Malamin da ke koyar da al'adun Hausawa ya kan tsaya ga jera sunaye: tubali, azara, makuba, zaure. Ya kyautu ya nuna wa ɗalibansa hikimar da ke ƙarƙashin sunayen, watau auna aiki daidai da abin da za a iya rufewa. Ya kyautu kuma masu bincike su rubuta abin da tsofaffin maginan wannan yanki suka sani tun suna raye, gama ƙaura tana watsa su, 'ya'yansu kuma sun koma ga bulo. Hausawa sun ce sannu ba ta hana zuwa, maganar kuwa ta tabbata a ginin ƙasa, ta kuma tabbata a ginin siminti ga mai haƙuri. Amma sharaɗinta shi ne mai gini ya amince zai kwana a inda ya aza tubalinsa, abin da mutanen 'Yargoje da maƙwabtansu suka daɗe suna nema.